Jan Ɗigo a Jadawalin Dangi

Jikar gidan, mai binciken cututtukan gado, ta shimfiɗa jadawalin danginsu a falo, da jan ɗigo kan duk mai hawan jini. Kakanta ya gyara zama. Shekara arba'in yana cewa matarsa ce ta kawo musu cutar.

Ya nuna matar tasa, ya ce wa jikar, "Faɗa mata gaskiya, malamar bincike!"

Jikar ta haɗiye dariya. "Kaka, da gado ne, da jini ɗaya zai bi. Amma ga surukai uku, ga direba, har maigadi. Waɗanda suka bar gidan kuwa nasu ya sauka."

"To wa ya tsira?" ya daka mata tsawa.

"Kai kaɗai."

Matar tasa ta miƙo hannu. "Ba ni takardar nan, 'yar albarka. A bango zan manna ta."