Tankin Sallau

Zazzaɓin da ya ratsa Malumfashi ya kama Hashimu da ƙanensa Sallau, duka kuma suka tashi. Amma da likitoci suka ɗebi jininsu, ƙwayoyin jinin Sallau kaɗai suka hayayyafa a tankin da ke haɗa wa garin magani. Daga baya Sallau ya rasu a haɗarin mota, tankin kuwa yana nan yana numfashi, da ɗumi irin na jikin mutum. Kullum Innarsu sai ta wuce ƙofar Hashimu ta je gaida tankin, har da ƙullin sukari.

Ranar da zazzaɓin ya kama Ummita, 'yar Hashimu, sai ya saɓa ta zuwa wurin tankin ransa a jagule. Ya tarar Inna ta manna kunci a jikin ƙarfen.

"Inna, ina kwana. Ni ma fa da raina."

"Na sani. Rage murya, yanzu aka ba shi abinci."

Aka yi wa Ummita allurar maganin tankin, zufa ta karyo mata. Inna, wadda rabonta da ɗaukar yarinyar tun ranar suna, ta miƙo hannu biyu.

"Kawo min ita. Yanzu akwai Sallau a jikinta."

Hashimu ya miƙa mata ita.