Idon Koci Nehemiya

Ranƙwashi na uku ke nan da Koci Nehemiya ya sauke a kan hular John, alhali ko rana ba ta yi zafi ba.

"Lanƙwasa gwiwa, ɗan ƙaramin nan. Tsoho ne kai?"

John ya lanƙwasa, gwiwar ta ce ƙas. Nelson, abokin wasansa, ya sunkuyar da kai, kamar yadda yake yi duk sanda aka taɓa John.

Makarantar koyon tanis ta Majidaɗi ba wani abin a zo a gani ba ce: fili ɗaya, raga mai faci, ƙwallaye tara da duk suka yi sanƙo, sai kuma idon Koci. To, wannan idon shi ne jarin makarantar. Koci ba ya tambayar takardar haihuwa, ba ya tambayar katin baftisma. Takarda, in ji shi, kowa yana iya samowa. Kallo ɗaya zai yi wa yaro ya rubuta shekarunsa a rajista, shi ke nan an wuce wurin.

Haka ya yi a farkon 1994, ranar da su biyun suka iso a kan keke ɗaya, gajeren yana tuƙa dogon. Ya dubi Nelson, zanƙalele, gashin baki ya fara leƙowa, ya rubuta sha shida yana tsaki. Ya dubi John, ɗan tsurut, haɓa sumul, hular hana-salla har gira, ya rubuta sha huɗu.

"Koci, ni fa ba…" in ji John.

"A nan raket ke magana," Koci ya katse shi, ya danƙa masa ɗaya. John ya jima yana juya ta a hannu, don bai taɓa riƙe irinta ba. Washegari ya dawo.

Horon Koci kuwa sai mai taurin rai. Ƙarfe shida na safe gudu, sannan tsallen igiya ɗari biyar. Wata uku cur ba a ba ka ƙwallo, iska za ka yi ta duka har hannunka ya gane hanya. Bayan nan a haɗa ka da bango wata biyu. Yara arba'in suka fara, kafin damina ta kankama saura shida. Koci ya ce wannan shi ne tacewa.

Nelson ƙarfi gare shi, in ya buga ƙwallo har tausayi take ba ka. John kuwa zagaye biyu zai yi ya kama ƙugu yana haki, amma ba ya gaggawa ko kaɗan, inda ba ka nan zai ajiye maka ƙwallo. Shi ke ɗinke raga in ta yage, tunda kullum daga fili shagon tela yake wucewa a Kasuwar Jalingo. Koyon ɗinki yake, haka Koci ya yanke. Nelson ke ɗaukar masa raket, ba ya shan ruwa sai John ya sha, ko sunansa ba ya kamawa.

"Kun ga tarbiyya? Ni na dasa ta," Koci yake gaya wa duk wanda ya tsaya.

Ana cikin haka kwamitin kulob ɗin da ke da filin ya aiko da saƙo: in makarantar ba ta tura ko mutum ɗaya gasar shiyya ta 'yan ƙasa da sha bakwai ba, fili zai koma wurin ajiye motoci. Shekara goma sha biyu Koci yana share filin nan da hannunsa, ba shi da wani abu a duniya bayansa. Tsoro ya kama shi sosai, kuma tsoron duk a kan gashin bakin Nelson ya tare.

Ana gobe tantance shekarun 'yan wasa ya sayo reza ya zaunar da yaron. John ya matso ya ce a fara jiƙa wurin da ruwan ɗumi, kada ƙuraje su fito.

"Me ka sani game da aski?" Ranƙwashi.

Masu tantancewa su biyu ne, su ma ido ne jarinsu. Suka jera yara a rana, a duba haƙori, a duba ƙwauri, a ɗaga hammata, kamar ana cinikin awaki. Da suka zo kan John ko tsayawa ba su yi ba, ɗayan ya shafa hularsa ya ce ya wuce. Koci ya saki ajiyar zuciya. Mutum ɗaya aka nema, ga shi an samu, fili ya tsira.

Nelson kuwa ƙwaurinsa ya tona masa asiri.

"Wannan ai ya ba ashirin baya. Malam, fita daga layin yara."

Aka kwashe da dariya. Nelson ya tsaya kamar an dasa shi, wahalar gudu da dukan bango ta shekara guda ta tashi a banza, hawaye suka zubo masa shar. Koci ya ji tausayinsa, amma bai kare shi ba, don shi ma dama can idonsa bai gama yarda da yaron ba.

Sai John ya fito daga layin waɗanda suka wuce. Koci ya yi ta ƙifta masa ido, a banza.

"Ba gaskiya ba ne," in ji John. "Sha biyar yake. Watan Maris ya cika."

Mai tantancewa ya yi murmushi. "Kai yaro, kana wurin aka haife shi?"

John ya cire hular da ta sha ranƙwashi shekara guda, rana ta haska sanƙon da ke tsakiyar kansa.

"Ina bakin ƙofa, ranka ya daɗe, a garin Lau. Ɗana ne na fari."