Muryar da Malam Barau Ya Bari

Tun da aka ce kowace gunduma ta biya malamanta da abin da ta tara, albashin birni ya ninka na Rafin Kuka sau uku. Malam Barau yana cikin waɗanda suka tattara suka tafi. Hukuma ta naɗi muryarsa a wani akwati, aka kafa a bangon aji, akwatin ya ci gaba da koyarwa.

Da ya zo ganin gida bayan shekaru, ƙanwarsa Kande ta ce, "Yaya, biya makaranta ka taho min da 'yarka Uwani."

Ya tsaya bakin taga. Muryarsa ta ƙuruciya ce ke kiran suna. "Delu!" Sai Uwani ta miƙe. "Na'am, Malam." Delun da ya koyar ta rasu bara wajen haihuwa.

A hanya ya ce, "Ke, yaushe kika zama Delu?"

"Ai tsofaffin sunaye kawai Malam ya sani, Kawu. Kowannenmu yakan gaji ɗaya."

"Kin san ni ne mai muryar nan?"

Ta dubi furfurarsa da takalminsa mai sheƙi, ta tuntsire da dariya. "Haba Kawu! Kai da Inna ta ce albashi ya kai ka birni? Malaminmu ba ya zuwa ko'ina."

Ya buɗe baki zai ce nauyin iyali ne, sai ya fasa. Ya karɓi jakarta ya rataya. Har suka isa gida bai ƙara cewa uffan ba, don kada ta gane muryar.