Yarinyar Layin Baya

Bayan wani mutum ya yi ritaya daga aikin soja, wata makarantar sakandare ta ɗauke shi ya riƙa horar da 'yan kadet. Kowa Saje yake ce masa, har shugaban makaranta. Yana koya musu fareti da ɗa'a da kishin ƙasa, kuma ya iya aikinsa. Aibinsa ɗaya: duk ɗalibin da ya ce ba shi da lafiya, a wurin Saje maƙaryaci ne.

"Soja ba ya ciwo," in ji shi. "Wanda kuma ya roƙar wa wani, su yi tsallen kwaɗo tare."

A layin baya akwai wata 'yar aji huɗu da ake kira Siririya. Kakin ya yi mata yawa, sai da uwarta ta rage shi. Ba ta taɓa makara ba.

Gasar fareti ta makarantu ta matso, Saje ya tsare su a fili da tsakar rana. Siririya ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, ƙafafuna suna ciwo har cikin ƙashi. In sha ruwa in ɗan zauna?"

"Duka-duka ƙashin naki nawa ne da zai yi ciwo?"

Ɗalibai suka kwashe da dariya, shi ma ya ji daɗin maganarsa. Ya ce ta ɗaga bindigar katako sama da kai, ta zagaye fili da gudu.

Shugabar layin ta san Siririya tana da sikila, don unguwarsu ɗaya. Ta ga leɓenta ya bushe. Ta buɗe baki, ta tuna tsallen kwaɗo, ta yi shiru.

A bayan ragar ƙwallo yarinyar ta faɗi. Saje ya ce a ƙyale ta, za ta tashi don kanta. Ba ta tashi ba.

A asibiti likita ya tare shi a bakin ɗaki. "Kai ne malamin? Ta gaya maka tana jin ciwo?"

Saje ya sunkuyar da kai.

Likita ya ce mai sikila ba ya jure ƙishirwa da wahala cikin zafin rana. Jijiyar jini ta toshe mata a ƙwaƙwalwa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ko zai dawo daidai, ba wanda zai iya yin alkawari.

Uwar yarinyar tela ce, ta taho daga shago da guntayen zare a jikin zanenta. Saje ya tsaya yana jiran zagi. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Tun ranar farko na ce ta gaya maka tana da sikila," in ji ta a hankali. "Ta ce za ka kore ta, ka ce kadet ba wurin ragwaye ba ne. Kullum a gida Saje ya ce, Saje ya ce. Ko leda ta gani a hanya sai ta tsince, wai kai ka koya musu."

Da ya shiga ɗakin, Siririya ta gan shi. Ta yunƙura za ta sara masa, hannun ya ƙi ɗagawa. Ta sake gwadawa, sannan ta ɗaga na hagu.

"Yi haƙuri, Yallaɓai," ta ce, harshenta yana karyewa. "Na ɓata muku layi."

Mutumin da ya tsaya a fagen daga ya kasa tsayawa a gaban gadon nan. Ya fita ya zauna a ƙasan baranda, ya rufe fuska da hularsa.

Da ya koma makaranta, shugabar layin ta same shi tana kuka. "Na san tana da sikila, Yallaɓai. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

Bai tsawata mata ba. Shi ya dasa mata tsoron. Ya tara 'yan kadet, ya cire hula, ya ce laifin nasa ne, bai ɗora wa kowa ba. Makarantar ta janye daga gasar. Siririya kuwa har aka gama zangon karatu ba ta koma aji ba.

Malamai da iyaye, idan yaro ya ce yana jin ciwo, ku saurare shi kafin ku hukunta shi. Horon da ke hana yaro faɗin gaskiya zalunci ne, kuma rashin sani ba ya mayar da lafiyar da ta tafi.