Murfin Jarka

A harkar kwamfuta dai babu wanda ya kamo ƙafata a layinmu. To, a zama kusa da ita nake nufi, don rumfar facina jikin shagon Nafi'u take, bango ɗaya muke jingina. Karatuna a aji shida ya tsaya, ko lambar mutum zan ajiye a waya sai na nemi agaji. Nafi'u ne mai rubuta manhaja, irin wadda ba a kulle cikinta, kowa ya buɗe ya ga ɗinkin, ya gyara, ya raba kyauta. Ran nan na leƙa na tarar zai saki sabon zubin manhajarsa, yana cewa bari ya cusa wani ɗan ƙari da aka aiko masa yanzun nan, ai ƙaramin abu ne. Na ce ɗana, ɗaga hannunka tukuna ka ji misali.

An yi wani mutum da ya rubuta wa masu kiwon kaji manhaja. Ka gaya mata yawan kajinka da girmansu, ta gaya maka yawan maganin da za ka zuba musu a ruwa. Yana da al'ada ɗaya. In zai fitar da sabon zubi, sai ya rufe ƙofa tun da sauran kwanaki, ko ubansa ne ya aiko da ƙari ba ya karɓa. Ya raba wa wasu masu kiwo su gwada a tsofaffin wayoyinsu masu fasasshen gilashi, su yi ta ƙorafi yana gyarawa, sai sun rasa abin faɗa sannan ya saki. Rannan an gama gwaji, an sanar da jama'a ranar fitowa. Da safen ranar sai wani bawan Allah daga birni ya aiko da ƙari, kuma da zuciya ɗaya ya aiko. Ya ce mutanen ƙauye ba su gane awon nan na asibiti, a sa musu hoton murfi kawai, murfi ɗaya, murfi biyu. Mutumin ya duba a wayarsa, hoto ya fito tas, abin ya burge shi. Ya ce wannan ai ba ya bukatar gwaji. Ya cusa, ya saki.

Shi na birni murfin kwalbar maganin yake nufi, ɗan mitsitsi. Abin da su biyun ba su sani ba, a ƙauye ba a sayen maganin nan da kwalbarsa. Tsiyaya ake yi a ƙulla maka a leda ranar kasuwa. Murfin da ke kowane gida kuwa na jarkar ruwa ne. Wajen la'asar wata tsohuwa cikin masu gwajin ta kira shi, tambaya ɗaya ta yi: wane murfi? Kafin magariba ya cire hoton, ya sake saki, ya rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe. Amma ranar kasuwa ce. Masu tura waƙoƙi da fina-finai sun riga sun sauke na safe, sun loda wa mutane a memori, waya ta ba waya, ya shige garuruwan da sai an hau bishiya ake samun sabis. Ɓarna ta tafi a babur, gyara yana binta a ƙafa.

A ɗaya daga garuruwan akwai wani mai kiwo da kajinsa suka kusa fara ƙwai. Tun suna 'yan tsaki yake kwana yana tashi a kansu. Ya ga suna ɗan mura, ya buɗe manhajar da bai taɓa ganin ta yi masa ƙarya ba, ta ce murfi uku. Ya kwance murfin jarka ya auna uku, har da cikawa don tausayi. Da gari ya waye bai ji kukan ko ɗaya ba. Ya buɗe ɗakin ya same su kwance kan juna, wuya a lanƙwashe, ko ta yankawa babu. Rami aka haƙa bayan gari, da baro aka yi ta kwasa, na gani da idona. Mai manhajar babu wanda ya kai shi ƙara, kyauta ya bayar, wa za a kama? Sai dai zubin nan na safe har yau yana yawo cikin wayoyin mutane da sunansa a jiki. Duk damina in ciwon kaji ya shigo, wani zai buɗe shi a wani gari, kuma mai shi ya sani, ba shi da hanyar kai hannu.

Nafi'u ya dube ni. Ya ce, “Kawu, bara da ka ba Tasi'u mai walda labarin nan, kifi ne suka mutu. Kuma ka ce da kai aka kwashe su a kwando.”

Na ce, “To kifi ko kaji, wanne aka ci?”

Ya juya ga kwamfutarsa, ya ture ƙarin nan gefe ya ce sai zubi na gaba. Ni kuwa na koma kan tayar da na bari a ruwa. Dama Hausawa sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.