Motar da Ke Kan Ruwa

An yi wani mutum mai sayar da irin shuka da maganin feshi a Funtuwa, ɗan fari ne a wurin mahaifiyarsa. Tsohuwar tana zaune a ƙauye, ciwon suga ya buɗe mata gyambo a ƙafar hagu. Likita ya ce duk ranar Alhamis a kawo ta a wanke a sake ɗauri, kada a tsallake ko sau ɗaya. Shi ke zuwa da kansa ya ɗauko ta a tsohuwar motarsa, wata mai ja da ciki, wadda in ta shiga rami sai ka ji ƙasanta ya gurzu. Duk da haka tana kai su, tana dawo da su. Tsohuwa kan zauna a baya ta kau da kai wajen taga, don ba ta kiran sunansa, ba ta ma haɗa ido da shi. In tana da magana sai ta faɗa wa matarsa, ita kuma ta isar.

Ana nan sai aka fito da wata sabuwar ƙaramar jif, mai tsayin ƙafa, ba ta da shan mai. A waya ya fara ganinta. Yau a ce ta fita a Indiya har ana layi, gobe a ce ta sauka a Masar, jibi an ga wani da ita a Legas. Da wani kamfani a Kaduna ya kawo guda ɗaya tak ta nuni, sai ya rufe shago ya tafi. Ya zauna a ciki, kujerun da ledarsu, ya riƙe sitiyari yana tuna ramukan hanyar ƙauyensu. Suka ce masa sauran suna kan ruwa, sati uku sun iso, wanda ya fara biya shi zai fara ɗauka. Da ya dawo, dillalan bakin tasha suka kewaye shi, suka ce ai ranar da sabuwar ta taka Arewa, irin tasa ko kyauta ba mai karɓa, gara ya rabu da ita tun tana da daraja. Ya sayar, ya haɗa da abin da ke hannunsa ya kai Kaduna. Matarsa ta so ta ce a bari sabuwar ta zo tukuna, sai ta ga yadda fuskarsa ke haske, ta haɗiye maganar.

Sati uku suka cika. Ya buga waya, aka ce jirgin farko ya sauke, amma Legas da Abuja sun kwashe tun a tashar ruwa. Ya jira na biyu, aka ce an karkatar da shi wata ƙasa inda ciniki ya fi zafi. Kafin nan damina ta sauka sosai. Motocin haya suka daina shiga ƙauyen in ba ranar kasuwa ba, kasuwar kuwa Litinin take ci. Aron mota ya gagare shi saboda kunya, don babu wanda bai faɗa wa zancen jif ba, kuma kowa ya gamu da shi sai ya ce, Alhaji, ina amaryar? Sai ya koma ɗauko tsohuwa a babur. A naɗe ƙafar da leda, a ɗora ta a baya, ta riƙe ƙarfen kujera, don ko a nan ba za ta riƙe rigarsa ba. Taɓo ya fantsama, ƙafar ta yi ta bugun ƙarfe, ba ta taɓa cewa wash ba.

Bayan tafiya ta uku sai ta aiko da saƙo ta bakin matarsa: wai ƙafa ta yi sauƙi, kada ya wahalar da kansa, a bari sai motar ta zo. Matar ta faɗa masa tana duban tabarma, ta ƙara da cewa ita dai ba ta ga alamar sauƙin ba. Ya san halin uwarsa. Ya san ko wuta ke cin ta ba za ta kai kuka wurin ɗan fari ba. Amma saƙon ya zo daidai da abin da ransa ke so, sai ya karɓa. Alhamis ta wuce, ya buga Kaduna, aka ce sati mai zuwa. Wata Alhamis ɗin ta wuce. Ta uku ma ta wuce. Ranar da ya je tare da matarsa kai mata buhun shinkafa, tun daga ƙofar ɗaki wari ya tare shi. Tsohuwa ta ja zane ta rufe ƙafar, ta tambayi matarsa ko sun zo lafiya.

A amalanken shanu aka fito da ita zuwa bakin titi. Likita ya buɗe ɗaurin, ya duba, sannan ya tambaye shi sati nawa ke nan rabon da a wanke. Mutumin ya faɗa. Aka ce in ana son ranta, sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Yana tsaye a barandar asibiti, an shiga da ita, sai wayarsa ta yi ƙara. Mutumin Kaduna ne, murya cike da fara'a.

"Alhaji, albishirinka. Ta iso, fara sol. Yaushe za ka zo ka ɗauka?"

Ya riƙe wayar a kunne, yana kallon takalmin tsohuwa ƙafa biyu a hannun matarsa.

Shi ya sa magabata suka ce, hangen Dala ba shiga birni ba ne.