Akwatin Ƙarƙashin Tebur

Ramotu tana tsakiyar buga wa wata ɗaliba takarda Maigandi ya faɗo shagon, mutanen kwamitin unguwa na biye da shi. A shekarar 1998 kwamfutarta ce kaɗai a wannan layi na Kontagora, tsohuwa ce ta hannu, dillali Sati ya kawo mata.

Maigandi, shugaban kwamitin, mutum ne da ko rediyo yake kira fitina. Ya ce akwai hotunan batsa a cikin na'urar, kuma doka ba ruwanta da wanda ya zuba su, wanda aka kama da su shi ne mai laifi.

"Malam, kayana ne," in ji Ramotu. "Cikinta kamar akwatin ɗakina ne, ba a buɗe shi don jita-jita. Ni ban taɓa ganin komai ba."

"A buɗe inda aka rubuta Haraji," ya ce, yana kallon rufi.

Ta buɗe don ta kunyata shi. Hoton farko bai gama fitowa ba ta kawar da kai. Ashe wata da watanni tana cin abinci kusa da wannan ƙazanta! Ƙyama ta kama ta, har yatsunta ta ji sun yi datti.

Matasan kwamitin suka yi kan gilashin kwamfutar da sanduna.

"Ba wannan ba," Maigandi ya daka musu tsawa. "Akwatin ƙarƙashin tebur, a can hotunan suke."

Ya sunkuya da kansa, ya kai hannu baya ya zare wayoyin ba ko lalube. Ramotu ta roƙa a goge hotunan a bar mata abin sana'arta, ko a kai wa 'yan sanda su binciki mai su. Ya ce duk wanda ya sake kallo ya yi tarayya a zunubin. A bakin titi aka zuba wa akwatin fetur aka cinna wuta, maƙwabtan da take buga wa katin biki suna tofar da yawu in sun dube ta.

Da la'asar Sati ya iso, ya tarar tana share toka.

"Hajiya, wa ya yi miki wannan?"

"Maigandi."

Sati ya riƙe baki. "Maigandi kuma? Ai a hannunsa na sayo miki ita."